Kwamfutata da ba ta ganin filashi sai an rufe murfi

Ku gafarce ni da damun ku da ƙaramar magana, amma ta tsaya mini a rai.

Jiya na tashi daga Fagge na kai laftof ɗina shagon Oga Chidi, mai gyara a Sabon Gari. Halinta shi ne, in na soka filashi tana kunne, sai ta yi kamar ba ta san da shi ba. Sai na rufe murfin, na yi bisimilla sau uku, na buɗe, sannan ta gan shi.

Na nuna masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ya ce, "Hajiya, akwai ɗan shirin da masu ƙera ta suka dasa mata. Shi ya kamata ya sanar an yi baƙo, amma ba ya faɗa. In kin rufe kin buɗe, sai ta farka ta duba da kanta."

Na ce, "Wato maigadin ne ke barci, ba aljani ba?"

Ya ce, "Barci kai! Ki ci gaba da addu'arki, Hajiya, amma kar ki bar rufe murfin."

To, ranar Asabar zan haska wa matan Islamiyyarmu bidiyon yadda ake ɗawafi daga filashin, ba na son su ga malamarsu tana lallashin kwamfuta kamar jaririya. Wanda ya san yadda ake tashin maigadin nan, don Allah ya amsa mini kafin Juma'a.