Ranar da Na Sa Muryar Baba a Firiji

Shekarun baya, ba a daɗe da rasuwar mahaifina ba, tsohuwar kwamfutata ta ƙi tashi. Ina kunna ta sai wani ƙas-ƙas daga ciki, allon kuma baƙi ƙirin. Takardun makaranta da ke ciki ba su dame ni ba. Abin da ya tsinka min zuciya shi ne bidiyon sunan ɗan yayata. Baba bai yarda da hoto ba, kana ɗaga waya zai juya maka ƙeya, don haka wannan bidiyon kaɗai ke ɗauke da muryarsa. Ga shi a satin mahaifiyata ta ce min, "Ka kunna min abin nan in ji babanku. Muryarsa ta fara ɓace min a kunne."

Ni kuwa gwanin kaina, na taɓa karantawa a intanet cewa sanyi na farfaɗo da hadis, wato ma'ajiyar da ke cikin kwamfutar. Na kwance shi, na ƙulle a leda, na cusa a firijin da Mama ke sa zoɓon sayarwa. Ta tsaya tana kallona.

"Shi ma zafin garin ne ya kama shi?"

"Magani ne, Mama."

"To, Allah ya ba shi lafiya."

Bayan la'asar abokina mai gyaran kwamfuta ya taso daga Yelwa. Da ya ga inda na ciro ledar, sai ya dafe kai. Ya ce da ya yi sanyi, da danshi ya gama da shi har abada. Abin da ya cece ni, tun asuba aka ɗauke wuta, firijin ko sanyin kirki babu. Ban taɓa yi wa rashin wuta godiya ba sai ranar.

Ya jona hadis ɗin da tasa kwamfutar da wani ɗan kebul, ya ce kada kowa ya taɓa, a bar shi ya kwafo a hankali. Muka zauna a tabarma jugum kamar masu jinya. Yawancin kayan da ke ciki sun salwanta. Bidiyon ma guntunsa ya dawo, hoton ya tsaya cak a kan ƙafar rago, amma sautin ras.

Na kira Mama, na danna. Sai ga Baba: "Kai, ajiye wannan abin ka zo ka riƙe min ragon nan. Mutane na aiki kana shiririta."

Mama ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta zungure ni. "Ba ka ji ba ne? Da kai yake." Ta share fuska da gefen mayafi ta ce in sake sa mata.

Gaskiya na so a ce addu'a ce ko nasiha ta rage mana, sai ga faɗa. Amma yanzu ba zan musanya shi da komai ba, na kuma adana shi a wurare da yawa. Duk ranar da kewarsa ta dame ni, nakan kunna in bar shi ya yi min faɗansa. Har yau, da ya ce "Kai", sai in ji na yunƙura zan tashi.