Zauren Mai Albasa

A Taloka, da sanyi ya shigo, ana idar da magariba muke kewaye wutar karan Inna Tumba, kakarmu. Ba ta fara tatsuniya sai ta tsokane ni.

"Mijin banza, mi ka kawo min yau? Ko goro babu? To zauna. Ga tan, ga tanku."

"Ta zo mu ji ta, Inna!"

Akwai wadda ta fi son maimaitawa, ta wani attajiri mai gida kamar gari. Ɗakuna arba'in, in ji ta, ban da rumbuna. Sai dai zaurensa ɗan mitsitsi ne, kuma ya cika shi da buhunan albasa, da tsohon sirdi, da garmar da ba ta da ƙota. Baƙo namiji kuwa iyakarsa zaure, ba ya shiga cikin gida. Duk wanda ya yi sallama, sai a leƙa a ce masa babu wuri. Gari ya ɗauka attajiri marowaci ne. Abin ya yi masa zafi, ya sa aka ƙara ɗaki goma daga ciki. Baƙo ya zo, babu wuri. Ya ƙara ashirin. Ranar da surukinsa ya zo daga Rabah, a kan buhu ya kwana a zaune, ya koma gida yana warin albasa har matansa suka ƙi karɓar gaisuwarsa.

A daidai nan kakanmu, Malam, yakan yi tari daga zaure. Inna sai ta ƙara ɗaga murya:

"Wata tsohuwa tac ce ma attajiri, kai wawan Allah, baƙo ɗaka shika kwana? Hidda albasa, ka buɗa zaure! Ƙurunƙus, kan kusu ya ƙone."

Mu dai warin surukin ne yake sa mu birgima.

Na girma, na sami aikin kula da manyan kwamfutoci, waɗanda muke kira saba. Ina cikin watannin gwaji aka kawo wata sabuwa, ƙatuwa, memorinta, wato wurin da take riƙe bayanai in tana aiki, ya ninka na duk sauran. Na zo ɗora mata modul, wato ɗan guntun manhajar da ke shiga cikin kanal, zuciyar na'urar, don ta iya magana da faifan ajiya. Ta ce babu wuri. Na duba, memori fayau, ko kashi ɗaya cikin goma ba a taɓa ba. Kwana biyu ina fama. Oga ya sa aka ƙara memori, ta sake cewa babu wuri.

"Zuwa Litinin," ya ce, "ko ta tashi, ko kai ka tashi."

Tsoro ya kama ni sosai, don da aikin nan na je neman aure. Ina zaune ina cin tsire, ina tsince albasa, sai na ji muryar Inna. Na ajiye tsinke. Ashe modul ba ko'ina yake sauka ba, akwai ɗan yanki kamar zaure da kanal ta keɓe wa irinsa, kuma ƙarin memori ba ya faɗaɗa shi. Na leƙa, na tarar da modul barkatai na na'urorin da ba mu ma da su. Na hana su hawa, na faɗaɗa yankin, na sake kunna ta. Baƙo ya shiga ya miƙe ƙafa. Litinin ta zo ta same ni a kujerata.

Da Sallah na je gida. Inna da Malam duk sun rasu, Allah ya jiƙansu. Na ba babana labari, ina yabon hikimar mutanen da. Ya yi dariya har da hawaye.

"Wace hikima? Ai da Malam takai. Ƙanenta na yak kwana bisa buhu."

Na juya na dubi zaurenmu. Albasa ce har rufi, kuma tun isowata a tsaye nake.