Ƙusoshin Takalmin Malama Barewa

'Ya'yana, ba zan faɗi sunana ba, domin ina da jikoki a makaranta. Amma duk wanda ya yi zamani a Birnin Kudu lokacin da kuɗin fetur suka fara shigowa ya san Mai Toka. Ni ne. Ɗan manomi ne ni daga Yalwan Damai, kuma Allah bai ba ni ilimi ko dukiya ba, sai dai ya ba ni ƙafa. Ina saurayi na sha kama zomo da gudu, ba kare ba sanda. Da na yi aure na sami aikin gyaran filin wasa a wata makarantar 'yan mata: in share, in ja igiya, in zuba layukan tsere da farar ƙasa.

Malamar wasanni Baturiya ce daga ƙasar Sikotlan, doguwa, siririya, fuskarta duk ɗigo-ɗigo. 'Yan mata suka sa mata Malama Barewa, ta kuwa amsa. A ƙuruciyarta ita ce gwanar tseren yadi ɗari a garinsu, ta ci a lardinsu, har ƙasarsu ta zaɓe ta zuwa wata babbar gasa. Ana saura kwanaki kaɗan gwiwarta ta goce, shi ke nan. Abin da ya rage mata daga wancan zamani takalmi ne baƙi, mara dunduniya, kowace ƙafa da ƙusa shida a ƙasa don su kama turɓaya. A jakar zane take ajiye shi, tana shafa masa mai.

Wata rana ta ga na kori awaki daga fili, ta kira ni da gurguwar Hausarta.

“Mai Toka, sake gudu. Ni duba agogo.”

Na ruga. Ta dubi agogo, ta dube ni, ta ce in riƙa zuwa atisaye, za ta kai ni gaba. Na yi dariya na ce, “Malama, magidanci da gajeren wando? Surukaina su ji?” Wallahi har yau ina cizon yatsa a kan wannan dariyar.

Ɓarnata da ƙanana ta fara. A lokacin kowa ka gani da rediyo a kafaɗa, agogo a hannu, keke sabo fil, ni kuwa sai tsintsiya. Na fara sayar da farar ƙasar makaranta ina zuba tokar murhu a madadinta, daga nan ma sunan ya samo asali, mutane na tsammanin tsimi nake yi wa makaranta. Sai lemon masu gudu, sai sukarinsu. Ba wanda ya tambaye ni, zuciyata kuwa ta ƙara faɗi.

A cikin ɗalibai akwai Dije, 'yar wasu masu shanu daga Gwaram, wadda ta koyi gudu a bayan maruƙa. Ba a taɓa ganin ƙeyar wata a gabanta ba. Aka zaɓe ta gasar jiha a Kano, inda wadda ta zo ta ɗaya ko ta biyu za ta wuce Legas. Filin can ba irin namu ba ne, baƙar tsakuwa ce mai kaifi, ba a hawansa da ƙafa tsirara. Malama Barewa ta ɗauko takalminta a gaban kowa ta sa wa Dije, ya zauna mata cif. Ta ce, “Ni ban kai ba. Shi zai kai.”

Ranar tafiya da safe ni na loda kaya a mota. Jakar zanen nan ta zo hannuna, Shaiɗan ya raɗa mini cewa abin da Baturiya take shafa wa mai lallai ya kai kuɗin rediyo. Na cusa ta a buhun toka. Dije ta leƙo ta taga tana cewa, “Baba Mai Toka, a yi mana addu'a!” Na ɗaga mata hannu na ce Allah ya ba da sa'a. Kaico!

Don kada a gane ni a Birnin Kudu, sai na nufi kasuwar Gwaram. Ku dubi wauta: na manta garin su Dije ne. Duk wanda na nuna wa sai ya fashe da dariya, ya ce wa zai sayi takalmi mai ƙaya? Na ari awartaki a maƙera na zare ƙusoshin goma sha biyu, na ƙulle su a tsumma na sa aljihu, sannan na kai wa wani tsohon baduku. Ya juya takalmin, ya sake juyawa.

“Malam, ina ka samo wannan?”

“Na wani ƙanena ne, Baba.”

“Ƙanenka? Duk Gwaram an san Baturiya ta ba 'yarmu takalmi mara dunduniya. Jama'a, ɓarawo!”

Na bar masa takalmin na zuba da gudu, ba wanda ya ko ga ƙurata. Daga ranar gida ya gagare ni, aiki ya tafi, matata ta koma wurin iyayenta. Ƙafar da Malama ta so ta kai gaba ta zama jarin sata. In fizge jaka a tasha, in fizge a kasuwa, daga Wurno har bakin Kano, ina taƙama ba a haifi mai kama ni ba. Ranar da dubuna ta cika, igiyar ɗaure akuya ce ta harɗe ni a wata tasha. Na sha duka, alƙali ya ba ni shekara huɗu.

A gidan yari na koyi karatun da na guje wa ina yaro, na kama salla. Amma duk sanda na ɗaga hannu zan roƙi gafara, muryar yarinyar nan nake ji daga tagar mota. Ban san abin da ya same ta a Kano ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Ranar da aka sake ni gandiroba ya miƙo mini kayan da aka kama ni da su: riga, hula, da wani ƙullin tsumma. Na kwance, sai ga ƙusoshi sun yi tsatsa. Ban nufi Yalwan Damai ba, Gwaram na nufa, rabi a mota rabi a ƙasa.

Na sami Dije ta zama malama a wata firamare, usur a wuyanta, 'yan mata a layi. Ta gane ni nan take. Na durƙusa na buɗe tsumman, na nuna mata ƙusoshin. Ta daɗe tana kallonsu.

“Baba, da ƙafa tsirara na yi gudun,” in ji ta. “Ni ce a gaba har yadi tamanin, sai tafin ƙafata ya tsage. Na zo ta uku. Ban je Legas ba.”

Na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ta ce ta yi shekara biyu tana jin haushina, ba za ta ɓoye mini ba. Ta ce baduku ya mayar da takalmin, Malama Barewa kuma da za ta koma ƙasarsu ta ƙi tafiya da shi, ta ce a ajiye, wanda ya ɗauki ƙusoshin zai kawo su wata rana.

Dije ta ce, “Na ce mata ba ta san ɓarawo ba. Ashe ni ce ban sani ba. Tashi, Baba, na yafe. Ka ga filin nan? Ba mu da mai ja mana layi.”

Tsohon badukun nan da ya yi mini ihu shi ya mayar da ƙusoshin, yana yi yana zagina, yana dariya. Bayan shekara biyu wata ɗalibar Dije daga Kangire ta sa takalmin a Kano, ta zo ta ɗaya, ta wuce Legas. Muka rubuta wa Malama Barewa, amsa ta zo da layi guda na Hausa a ƙasa: “A gaida Mai Toka.”

'Ya'yana, takalmin da na sata ban ci ko sisi da shi ba, amma na cinye wa yarinya Legas ɗinta, kuma yafewarta ba ta dawo mata da ita ba. Kada ku raina ƙaramin ɗauke-ɗauke, da farar ƙasa da lemo na fara. In wani ya dube ku ya ce kuna da baiwa, kada ku yi dariya, ku je atisayen. Ni yanzu gwiwa ta ƙi, ko akuya ba na iya kora. Amma duk ranar wasanni ina fili da igiyata, kuma farar ƙasa nake zubawa, tsantsarta.