Kayan da Ba Su da Lamba

Shekara talatin da ɗaya Mai Guga ya yi a wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakalar bene, bai taɓa rubuta sunan kowa a jikin kaya ba. Yana ɗaga riga ya dubi kwalarta zai ce maka ta malamin makaranta ce, don kwalarsa ta hagu take fara cinyewa. Wandon direban bas kuwa a aljihun baya yake gane shi, inda makullai suka huda. Taurin kai kam yana da shi har na sayarwa, amma bai taɓa ƙona rigar kowa ba, wannan ko maƙiyinsa zai shaida.

Ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Akawu, shi ya zo masa da maganar bayan ya yi ritaya. Wai akwai wani babban kamfanin wanki da ke bai wa mutane damar buɗe reshe da sunansa. Kamfani zai ba da allon suna da yunifom, motarsa ta zo kowace safiya ta kwashi kaya zuwa ma'aikata, ta dawo da su a wanke, reshe ya goge ya miƙa wa masu shi.

"Yaya, ni in kama shago da abin da aka sallame ni da shi, kai ka zo da hannunka da mutanenka. Har yaushe za ka yi ta sunkuyo a ramin nan?"

Mai Guga ya daɗe yana fama da ciwon baya, ga 'ya'ya biyu ba su gama makaranta ba. Ya amince, ya mayar wa mai bene makullinsa. Ko sati ba a yi ba wani mai gyaran waya ya shige ɗakin, ya shafe shi da koren fenti. Hanyar komawa ta toshe ke nan.

Kamfani ya ba su wata uku na gwaji da wani littafin dokoki mai kaurin tubali. Jami'ar da ke duba rassa ta faɗa musu gaba da gaba: laifi uku, a sauke allo. Zuwanta na farko ta tarar Mai Guga ya ɓoye dutsen gugarsa na gawayi a bayan labule. Zuwa na biyu ta ga yana ninke riguna irin ninkinsa, ba irin na littafi ba. Laifi biyu ke nan. Akawu ya yi ta ba da haƙuri har muryarsa ta dushe, gogan naka kuwa ya yi kunnen uwar shegu.

Dokar farko a littafin ita ce kowane kaya a maƙala masa lamba kafin ya shiga buhu. Ga baƙi yana yi, ko da yana ƙunƙuni. Amma tsoffin mutanensa? Mutumin da ya goge wa yunifom ɗin firamare, yau ya zo da gemu, shi zai ce wa ya faɗi sunansa a ba shi lamba? A ganinsa wannan cin mutunci ne. Sai ya riƙa tara nasu a wani buhu daban a ƙarƙashin kantar shagon, ya wanke da hannunsa a bayan shago. Bai gaya wa Akawu ba, don ya san abin da zai biyo baya.

Wata safiya ya fita sayo maganin ciwon baya, mota ta zo da wuri. Akawu, mutum mai son ganin wuri tsaf, ya kwashe duk buhun da ya gani ya miƙa wa direba. Da Mai Guga ya dawo ya leƙa ƙarƙashin kanta, bai ga buhun ba.

"Ina buhun da ke nan?"

"Na ba su, Yaya. Me ya faru?"

"Babu lamba a jikinsu. Ko ɗaya."

Akawu ya nemi kujera ya zauna, ya dafe kai da hannu biyu. "Ka kashe ni, Yaya. Wallahi ka kashe ni."

Mota biyu Mai Guga ya shiga kafin ya kai ma'aikatar. Mai gadi ya hana shi shiga, ya tsaya a rana yana roƙo kamar zai yi kuka, dattijo da furfurarsa. Da ƙyar aka kira jami'ar ta fito. Ta dube shi ta girgiza kai.

"Baba, kayan reshe sittin ne a ciki, an riga an zazzage buhuna. Ta yaya za ka gane naka?"

"'Yata, ki bar ni kawai in taɓa su."

Ta shigar da shi wani zauren da injina ke ruri, zafi kamar a bakin murhu. Ya durƙusa a gaban tulin kaya ya fara. Ga rigar malami. Ga zanen gadon mai shagon magani, da ɗinkin da matarsa ta yi da baƙin zare. Ga kwat ɗin tela, maɓalli na uku ba irin sauran ba. Tun hantsi yake abu ɗaya har rana ta yi sanyi, bai ci ba bai sha ba, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ma'aikata suka bar aikinsu suka zagaye shi suna kallon ikon Allah. Bai bar ko safa ɗaya ba. Da ya ɗaure buhun har tafi suka yi masa, shi ma ya ji wani sanyi a ransa, ya ɗauka an wuce wurin.

A ofishin jami'ar ya tarar da Akawu, ido ya yi ja. Jami'ar ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan ba tun da ta fara aiki, amma laifi na uku ya cika. Akawu ya zame daga kujera ya durƙusa. Ya ce duk abin da ya tara a rayuwarsa yana cikin shagon nan, in aka sauke allo ba shi da inda zai sa kansa. Jami'ar ta ce hanya ɗaya ce ta rage: reshe ya ci gaba da sunan Akawu shi kaɗai, kamfani ya turo ma'aikacin da ya horar, Baba kuma kada ya ƙara tsayawa a bayan kanta ko teburin guga.

Akawu bai iya ɗaga ido ba. "Yaya..."

"Sa hannu, ƙanena," in ji Mai Guga. Tsoro ne fal a cikinsa, don bai san wata sana'a ba, bai kuma san inda zai nufa gobe da safe ba. Amma ganin ƙanin matarsa a durƙushe ya fi masa ciwo. Ya tura masa takardar da kansa.

Da ya isa gida ya tarar da matarsa tsaye a bakin ƙofa, labari ya riga shi zuwa amma ba duka ba. Ta karɓi takalmansa.

"Baban yara, sun sauke allon?"

"Allo yana nan," ya ce. "Gobe ɗan'uwanki zai buɗe kamar kullum."

Ta sauke ajiyar zuciya, ta ce bari ta jiƙa masa yunifom ɗinsa tun yanzu don ya bushe kafin safe.

"Bar shi," ya ce. "Ba ni zan sa ba."