Malamin da ya rataya katantanwa a wuyansa

Bana shekarata tamanin da uku a duniya, shekara ashirin ke nan kuma da Ubangiji ya kira aminina Malam Ishaya. Abin da zan ba da labarinsa ya girmi rasuwarsa nesa ba kusa ba, gama ya faru ne a zamanin da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama. A lokacin ni da shi muna koyarwa a wata sakandaren mishan a Kafanchan, shi Turanci a aji ɗaya da na biyu, ni kuwa lissafi.

Malam Ishaya ba mutum ne mai sassauci ba. A ajinsa yaro zai karanta shafi, ya rufe littafi, ya faɗi abin da ya karanta, kana ya rubuta da kalmomin kansa. Wanda ya zuba karatu kamar aku bai fahimci kome ba, alli ja zai sha.

Makarantar kuwa tana da tata doka. Akwai wata katantanwa da aka huda aka zura mata igiya. Duk yaron da aka ji ya yi Hausa ko yaren gidansu, sai a rataya masa ita, shi kuma ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa. Wanda Jumma'a ta riske shi da ita, shi zai ɗauki lauje ya yanke ciyawar filin ƙwallo. Dukanmu mun yarda da wannan doka, gama mu ma da ita aka hore mu.

A aji ɗaya akwai Saratu, 'yar wani manomin doya daga Godogodo. Zango biyu cur ba wanda ya ji muryarta. A ce ta karanta, sai ta sunkuyar da kai. Firinsifal, mutumin Gabas da ya tashi a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, ya yanke hukunci a taron malamai cewa daƙiƙiya ce, a mayar da ita gona a ba wani gurbinta. Malam Ishaya bai yi gardama ba, ya dai roƙi a dakata zuwa Jumma'a.

Ran Jumma'a da safe, makaranta duka tana tsaye a layi, an gama addu'a, sai ya sauko daga inda malamai suke. Ya zare katantanwar daga wuyan yaron da ke ɗauke da ita, ya rataya a nasa, bisa farar taguwa da laktaye. Ya miƙa wa Saratu littafi, ya buɗe baki da Hausa tsantsa, shi da ko a kasuwa ba a taɓa jin ya yi wa ɗalibi Hausa ba.

"Saratu, 'yata, karanta wannan shafi a zuci. In kin gama ki rufe, ki faɗa mini da bakin da kika zo da shi daga gida. Katantanwa tana wuyana, ba mai taɓa ki."

Firinsifal ya dube shi baki buɗe, ya ce, "Malam Ishaya, lafiya kake kuwa?" Shi ma da Hausa ya faɗa, bai ankara ba.

Yarinyar nan ta karanta, ta rufe, ta soma. Da Hausar ƙauyensu, jefi-jefi tana cusa yarensu, ta kawo labarin shafin kaf, har da dalilin da ya sa mai labarin ya yi abin da ya yi, wanda ba a rubuta a fili ba. Da ya tambaye ta me ya hana ta magana tun tuni, ta ce, "Malam, in na yi Turanci a yi mini dariya, in na yi namu a ba ni katantanwa. Shi ne na rufe baki." Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Mamakin da ya fi wannan yana gaba. Da aka tashi, Malam Ishaya ya naɗe hannun taguwa, ya ɗauki lauje ya nufi fili. Na bi shi ina cewa, "Haba, Ishaya! Malami guda, a gaban yara? Ina za mu sa fuskarmu?" Ya ce, "Doka doka ce, ɗan'uwa. Matsa kada in sare maka ƙafa." Daga ranar, kowace safiya sai ya gaishe da ajinsa da Hausa, don kada katantanwar ta bar wuyansa ta koma na wani yaro. Kowace Jumma'a kuma ya yanki ciyawa. Magana ta kai majami'a, ta kai kasuwa, har Firinsifal ya gaji da abin kunya, ya karɓi katantanwar ya jefa a aljihun tebur.

Kada mai karatu ya ɗauka Saratu ta sami sauƙi. An bar mata gurbinta, amma kullum sai ta miƙe ta karanta da ƙarfi, da Turanci, wanda ya yi dariya kuwa ya gamu da fushin Malam. Rubutunta ya sha alli ja fiye da na kowa.

Kwanan baya na ba wani jikana, mai takardar gama sakandare, jarida ya karanta mini. Ya zuba Turanci kamar rediyo. Na ce ya rufe ya faɗa mini abin da ya karanta, ko da Hausa, ko da yarenmu. Ya tsaya yana kallona. Da Ishaya yana nan, ina jin da zai ce an jefar da katantanwa, an kuma haɗa da tambayarsa an jefar. A zamaninmu ga fahimta an ɗaure mata baki, yau kuwa ga baki a sake, ba abin faɗa.

Ishaya bai bar gidan sama ba, bai bar mota ba. Tambayar nan ya bari: me ka karanta? Wanda yake shakkar labarina, ba ni kaɗai na gani ba. Firinsifal ya riga mu gidan gaskiya, amma Malam Dauda mai koyar da aikin gona, wanda ya ara masa laujen, yana nan da ransa. Saratu ma tana Kagoma, ta yi ritaya daga koyar da Turanci. A je a tambaye ta, yanzu ba ta rufe baki.