Boris ɗin Babur ɗin Mamaci

Wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, a rumfata ta walda nan Illela, shekaru shida ke nan. Wanda ya ga dama ya yarda.

Ni aji uku na tsaya a boko, shi ya sa 'yan takarda ba su ganina da gashi sai ƙarfe ya gagare su. To wani malamin kimiyya, Malam Nasiru, ya kawo mini mutum-mutumin inji da shi da ɗalibansa za su kai gasa Sakkwato, mai hannu guda da ke juyawa ya ɗauki kaya. Kafaɗar ce ta ƙi. Ya ce in na gyara, sunana zai shiga takardar gasar. Shekara ashirin ina ƙona idona, ba a taɓa rubuta sunana ko'ina ba.

Na sa ƙusa da noti, tana cijewa. Na sassauta, hannun ya riƙa rawa. Na ce sai boris, zoben nan mai 'yan ƙwallayen ƙarfe, irin na wuyan babur. Na kasuwa duk sun yi girma, sai na nufi wajen Ɗanjumma mai gwangwan, dillalin tsoffin ƙarafa, na ga wani babur a jingine, gabansa a murɗe.

"Mi kaka nema nan?" in ji shi. "Wanga na wani ɗan fasa-ƙwauri ne, bisansa ya rasu, hanyar daji wajen Araba. Ba mu kwance irinsa, ɗungum za a aza shi mota."

Na ce, "Ƙarfe na da fatalwa?" Yana tafiya sallar azahar na kwance boris ɗin na jefa aljihu.

Na sa shi a kafaɗar injin, ya zauna daram, na shafa giris, hannun na juyi ba ko ƙara. Malam har da tafi.

Washegari da la'asar, rana ba ta ko faɗi ba, muna zaune da shi, batir na ƙasa ba a haɗa ba, sai hannun ya motsa. Hagu, dama, hagu, a hankali, yadda mai babur ke kauce wa rami cikin rairayi da kaya a baya. Sai ya soma karkarwa, ya fizge dama da ƙarfi, ƙau! ya tsaya. Innalillahi. Can ya dawo tsakiya ya sake farawa, daidai wa daida. Sau uku muna kallo. Warin fetur ya cika rumfar, ni kuwa ko digo ba ni ajiyewa.

Malam ya ce, "Baba, mi ka sa ciki?"

Na faɗa mishi. Bai zage ni ba, ya dai kwashe wayoyinsa ya tafi, ko waige. Gasar da sunan nawa, nan suka mutu.

Na sa guduma na fitar da boris ɗin, da zafi kamar an yi tafiya mai nisa da shi. Na kai wa Ɗanjumma, na same shi ya ja kujerarsa can bakin titi.

Ya ce, "Maida da hannunka. Tun jiya wuyan babur ɗin ga ke juyi shi kaɗai."

Na mayar, ya tsaya. Ban tambayi kowa dalili ba, ba ni kuma son sani.

Ku masu tonon gwangwan, kafin ku kwance ƙarfe, ku tambayi yadda mai shi ya rabu da shi.