Kicin ɗin Mama a gidajen reluwe

Shekarun baya, wajen farkon shekarun alif ɗari tara da casa'in, lokacin da kukan jirgi bai yi wuyar ji a Kafanchan ba, sana'ata wankin daɓen kicin ce. Ni da ƙawata muke yi, 'yar garinmu ce daga Kagoma. A wani gidan baƙi muka koya, muka fito muka kama namu da bokitai da buroshin ƙarfe da surutu, surutun kuwa duk nawa ne. Yawancin aikinmu a gidajen reluwe yake, don tsofaffin kicin ɗin can da jan bulo aka shimfiɗe su, wasu kuma aka yi musu tayil daga baya. Tayil ba ya ba mutum wuya, in ban da layukan da ke tsakaninsa. Jan bulo kuwa shan manja yake yi kamar burodi, sai ya ga ruwan zafi da soda, kin durƙusa gwiwoyinki sun yi kanta, sannan ya saki.

Wata Lahadi da damina wani mutum ya tare ni bayan an tashi daga coci. Ya ce mahaifinsa direban jirgi ne, ya rasu, kuma lokacin da aka ba mahaifiyarsa ta zauna a gidan ma'aikata ya ƙare. Ya zo daga kudu ne ya tafi da ita garinsu. An ɗaure kaya, an share ɗakuna, kicin kaɗai ya rage. Da an wanke shi za ta miƙa makulli su kama hanya.

"Sista, don Allah ki taimaka da sauri," in ji shi. "Hutuna ya kusa ƙarewa, Mama kuma ta ce ba za ta ba mutane gida da datti ba."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, aikin wuni ɗaya ne. A lokacin ban san akwai daɓen da zai gagare ni ba, ina ji da kaina sosai.

Muka sami Mama zaune a kan 'yar kujera a tsakiyar kicin ɗin, babu komai a ciki sai ita. Tun tana amarya aka kawo ta gidan nan, ga shi kanta ya yi fari fat. Muka gaishe ta muka kama aiki yadda muka saba. Ƙa'idar aikin ita ce a fara daga kusurwa mafi nisa, ana gogewa ana ja da baya, har mai wanki ta tsinci kanta a bakin ƙofa. Daga nan ba mai shiga sai bulo ya bushe. Ruwa na matsowa ina cewa, "Mama, ki ɗan matsa," tana jan kujerarta, har muka fito da ita waje.

Muna tattara kaya sai ta miƙe ta koma ciki da silifas ɗinta, a kan jiƙaƙƙen daɓen. Ta nuna inda murhu yake a da.

"Yarinya na, nan bai fita ba. Ku dawo gobe."

Na duba, ni dai ban ga komai ba sai sawunta. Muka dawo washegari, muka dafa ruwa, muka bi wurin da toka da soda har tafin hannuna ya fara saɓulewa. Muka sake fito da ita bakin ƙofa, ta sake komawa, wannan karon ƙarƙashin kantar ajiye kwanuka ta nuna. Haka muka yi ta yi. Ga damina, bulo ba ya bushewa da wuri, ɗanta yana zagaye a tsakar gida yana duba sama, ni kuma raina ya gama ɓaci. A hanya na ce wa ƙawata tsohuwar nan ta raina mu ne, kuma in matan reluwe suka ji mun kasa kicin ɗaya, mun gama cin abinci a unguwar. Ƙawata ba mai yawan magana ba ce. Ta ce, "Ke dai daɓe kike kallo."

Da safen da na yi niyyar in faɗa wa Mama ta nemi wasu, tun daga ƙofar gida muka ji ƙamshin miya. Ashe ta kwance ƙullin kaya, ta fito da risho da tukunya, tana soya manja a kan daɓen da muka sha wuya a kai jiya. Ga ɗigon mai ko'ina. Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba.

"Haba Mama, a haka yaushe za mu gama?"

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya miyarta, can ta ce, "Kullum kuna fara daga can, kuna tura ni, kuna tura ni, sai na ga kaina a waje. A nan na dafa ma maigida, a nan na yi ma yara na wanka da sanyi. Yanzu ruwan bokiti ne zai kore ni?"

Na sauke buroshin da ke hannuna. Tausayinta ya kama ni. Ƙawata ce ta ajiye bokitinta ta leƙa tukunyar, ta ce, "Mama, wannan agushin da mu ne, ko ke kaɗai za ki cinye?"

Mama ta yi dariya, karon farko da na ga haƙoranta. Ta tuƙa teba, ta kira ɗanta, shi ma ya shigo fuska a ɗaure, ta ce ya zauna. Muka zauna a ƙasa muka ci a kwano ɗaya. Ta ba mu labarin yadda maigidanta yake dawowa daga aiki duk jikinsa baƙin gawayi, ya ƙi zuwa falo, ya zauna a dokin ƙofar nan yana cin nama daga tukunya tana korarsa. Ɗan ya sunkuyar da kai, bai ƙara maganar hutu ba.

Da muka gama ba wanda ya taɓa bokiti. Mama ta goge hannunta, ta tsaya a tsakiyar kicin ta yi gajeriyar addu'a da yarensu, muka ce amin ba tare da mun ji me ta roƙa ba. Sannan ta ɗauki tukunyarta da kujerarta ta taka busasshen daɓen a hankali ta fita, ta je gindin mangwaro ta zauna.

"To, yanzu ku wanke."

Muka wanke. Ban taɓa bin bulo ɗaya bayan ɗaya da natsuwa irin ta ranar ba. Da muka iso ƙofa na je na durƙusa gabanta na ce ta zo ta duba.

Ta girgiza kai. "Ba nawa ba ne kuma, yarinya na. Ki ja ƙofa."

Washegari suka tafi, ban sake jin labarinta ba. Na daɗe a sana'ar bayan nan, kafin gwiwoyina su ce sun gaji, kuma na koyi in tambayi matar gida ko ta shirya kafin in zuba ruwa, musamman in tashi za a yi. Wani ƙorafin da ake yi wa mai aiki ba da aikin ake ba, mutum ne bai gama sallama da wurinsa ba. Har yau ban manta ba, don kicin ɗin nan shi ne aiki mafi kyau da hannuna ya taɓa yi, kuma mai shi ba ta gan shi ba.